Tsabar kuɗi, kati ko waya? Tambayoyi da amsoshi kan yadda mutanen Suwizalan ke biyan kuɗi yanzu

Suwizalan ƙasar bankuna ce, amma an daɗe da sanin mutanenta da son riƙe kuɗi a hannu. Har shekarun baya-bayan nan, mutum zai iya zuwa sayen mota da ambulan cike da takardun faran, kuɗin ƙasar, ya ƙirga, ya karɓi makulli, ba mai ce masa kanzil. Cikin ƙasa da shekara goma wannan ɗabi'a ta sauya sosai, sai dai ba ta hanyar da mutane da yawa suke zato ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kai.

Da gaske ne sun daina amfani da tsabar kuɗi?

Ba su daina ba, sun dai rage ƙwarai. Babban Bankin Suwizalan, SNB, yana gudanar da bincike a kai a kai, inda yake tattaunawa da mutane kimanin 2,000, ya kuma sa su rubuta duk abin da suka saya da yadda suka biya na tsawon wasu kwanaki. A binciken farko, na 2017, kashi 70 cikin 100 na sayayyar yau da kullum da tsabar kuɗi aka biya. A 2020 ya faɗo zuwa kashi 43. A 2022 ya koma 36.

Binciken 2024 ne ya zo da abin da ba a taɓa gani ba. A kantuna, gidajen abinci da sauran wuraren da ake biya ido da ido, katin cirar kuɗi ya sha gaba da kashi 35, tsabar kuɗi ta koma ta biyu da kashi 30, manhajojin waya suka samu 18, katin bashi kuma 14. To amma a wannan binciken dai, kusan kashi 95 na waɗanda aka tambaya sun ce suna son tsabar kuɗi ta ci gaba da wanzuwa. A nan ne labarin yake: mutum ya kwana bakwai bai taɓa sulai ba, amma ka ce za ka raba shi da damar yin amfani da shi, sai ya tashi tsaye.

Annobar korona ce ta jawo?

Ta ingiza abin da ya riga ya kama hanya. A watan Afrilun 2020 aka ɗaga adadin da mutum zai iya biya ta hanyar ɗora kati a kan na'ura ba tare da danna lambar sirri ba, daga faran 40 zuwa 80. Kantuna suka manna sanarwa suna roƙon a biya da kati. Dattawan da ba su taɓa gwadawa ba suka gwada, suka ga cefanen Migros ko Coop yana ƙarewa cikin daƙiƙa biyu, ba jiran canji. Da annobar ta wuce, kaɗan ne suka koma gidan jiya.

Mene ne TWINT da ake ta magana a kai?

Manhajar biyan kuɗi ce ta waya, ƙirar gida. Bankin gidan waya, PostFinance, ne ya kafa ta a 2014. A lokacin akwai kishiyarta mai suna Paymit, wadda bankin UBS da Bankin Jihar Zurik da kamfanin hada-hadar kuɗi na SIX suke bayanta. Suka ga idan suka ci gaba da ja-in-ja, kamfanonin Amurka za su zo su kwashe kasuwar, sai suka haɗe a 2016, aka sake fito da manhajar a 2017. Yau manyan bankunan ƙasar ne suka mallake ta tare, har da Raiffeisen da Bankin Jihar Vaud.

Yadda take aiki ba wuya. Tana haɗe da asusun mutum na banki kai tsaye. Idan zai tura wa aboki kuɗi, lambar wayarsa kawai yake bukata. Idan zai biya a kanti, sai ya ɗauki hoton lambar QR ya tabbatar. A ƙasar da mutanenta suka ɗan haura miliyan 9, masu amfani da TWINT sun wuce miliyan 5 tun 2023, kuma an yi hada-hada sau miliyan 773 da ita a 2024, daga miliyan 386 a 2022. Wato ta ninka cikin shekara biyu.

Abin da ya ba ta nasara, a ganina, ba manyan kantuna ba ne, domin a can kati ya riga ya zauna. Ƙananan wuraren da a da ba abin da ke aiki sai sulalla ne ta kama. A ƙauyukan Suwizalan akwai al'adar manomi ya kafa ɗan shago a bakin gonarsa, ya jera ƙwai, cuku, madara, tuffa da zuma, ya rubuta farashi, ya ajiye akwati, ya tafi aikinsa. Ba mai gadi. Ka ɗauka, ka jefa kuɗi a akwati. Matsalar kawai ita ce idan ba ka da canji daidai. Yanzu a gefen akwatin akwai sitika mai lambar QR, manomin bai sayi wata na'ura ba, bai ja waya ba. Haka abin yake a wurin ajiye mota, a kasuwar gwanjo, a ƙungiyoyin wasanni na unguwa, har a coci-coci wajen karɓar baiko. Abokai sun ci abinci tare, ɗaya ya biya, sauran su tura masa kasonsu kafin a tashi daga tebur. Iyaye ma ta nan suke ba yara kuɗin kashewa.

Ina Apple Pay da sauran na ƙasashen waje?

Suna nan. Apple Pay ya shigo ƙasar a 2016, sai dai manyan bankuna sun yi ta jan ƙafa wajen haɗa katunansu da shi. Har hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar ta buɗe bincike a 2018 kan zargin cewa sun haɗa baki ne don su kare TWINT. Daga baya bankunan suka buɗe ƙofa ɗaya bayan ɗaya.

Wannan ne ma ya sa alƙaluma kan saɓa da juna. Wanda ya ɗora wayarsa a kan na'ura ta Apple Pay, da waya ya biya ko da kati? Akwai wani bincike da Jami'ar St. Gallen da jami'ar ZHAW suke fitarwa tare, wanda yake haɗa sayayyar intanet a lissafi, kuma a nasa ma'aunin waya ce ke kan gaba. Duk hanya ɗaya suke nunawa, ma'aunin ne ya bambanta.

Su wa suka fi riƙe tsabar kuɗi har yanzu?

Waɗanda suka haura shekara 55, da masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda ganin abin da ya rage a aljihu ke taimaka musu wajen taka wa kashe-kashe birki. Binciken babban bankin ya kuma nuna cewa jihar Tichino, inda ake jin Italiyanci, ta fi sauran sassan ƙasar son kuɗi a hannu. Akwai kuma wani rukuni da ba shekaru ko talauci ne dalilinsu ba: ba sa son banki ko wani kamfani ya san abin da suka saya da inda suka saye shi. A ƙasar da sirrin harkar kuɗi ya daɗe yana da daraja, ba a ɗaukar wannan a matsayin baƙon ra'ayi.

Me ya sa har yau suke da takardar faran 1,000?

Tana cikin takardun kuɗi mafi daraja da ake kashewa a duniya, ta haura dalar Amurka dubu. Babban Bankin Turai ya daina fitar da takardar yuro 500 a 2019 saboda fargabar masu laifi ne suka fi cin moriyarta. A watan Maris na 2019 ɗin dai Suwizalan ta fito da sabuwar faran 1,000 tata, mai launin shunayya. Amsar SNB a kullum ita ce jama'a na bukatarta, kuma dokokin hana halasta kuɗin haram suna nan suna aiki.

Kuma da gaske ana amfani da ita. A binciken 2017, kusan mutum 4 cikin 10 sun ce sun riƙe aƙalla guda ɗaya cikin shekara biyun da suka gabata, galibi don sayen mota ko kayan ɗaki, ko biyan kuɗaɗen wata a kantar gidan waya. Amma babban aikinta ajiya ne. Wajen rabin darajar duk takardun faran da ke hannun jama'a a wannan takarda guda yake.

Abin da ya faru da kuɗin ruwa ya fito da hakan fili. Daga Janairun 2015, SNB ya mai da kuɗin ruwansa ƙasa da sifili, har 0.75 cikin 100. Wato mai babbar ajiya a banki, maimakon ya samu ƙari, cirar masa ake yi. Sai masu hali da kamfanoni suka ga gara su karɓi takardu su kulle a sef. Darajar takardun da ke waje ta haura faran biliyan 90 a 2022. Da aka kawo ƙarshen wannan tsari a watan Satumbar shekarar, sai ga dubu-dubun nan suna komawa banki, adadin ya sauko ƙasa da biliyan 80. Saboda haka yawan takardun da ke waje ba ya nuna yawan cinikin da ake yi da su. Waɗannan abubuwa biyu ne daban, kuma sau da yawa ana cakuɗa su.

Wani abu da ya ƙara wa masu ajiya kwanciyar hankali: tun farkon 2020, tsoffin takardun da aka janye, daga jerin da ya fara fita a 1976 zuwa gaba, ana iya canja su a babban banki ba tare da wa'adi ba. Wanda ya tsinci damin kakansa a ƙarƙashin katifa bai yi asara ba.

Mai kanti yana da ikon ƙin karɓar tsabar kuɗi?

Yana da shi, kuma wannan yana ba mutane da yawa mamaki. Dokar kuɗin ƙasar ta ce dole a karɓi takardun faran ko nawa ne, da sulalla har guda 100. Amma doka ce da ɓangarori biyu za su iya kauce mata da yardar juna, kuma babu hukunci a kan wanda ya kauce. Idan mai shago ya rubuta a ƙofa cewa kati ko waya kawai yake karɓa, wanda ya shiga ya saya ana ɗauka ya amince. Mafi yawan kantuna suna karɓa har yanzu. Inda aka fi cin karo da ƙi shi ne wuraren bukukuwa, filayen wasa, wasu shagunan shan gahawa na birane, da injinan sayar da kaya.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, ƙasar ba ta ƙayyade yawan tsabar kuɗin da za a iya biya da ita ba, saɓanin Faransa, inda mazaunin ƙasa ba zai biya ɗan kasuwa fiye da yuro 1,000 a hannu ba. A Suwizalan sai ciniki ya wuce faran 100,000 ne doka ta wajabta wa ɗan kasuwa ya tantance mai saye da asalin kuɗin.

An ce har batun ya kai ga kundin tsarin mulki?

Haka ne. A Suwizalan, idan 'yan ƙasa suka tara sa hannu 100,000 cikin wata 18, za su iya tilasta a yi ƙuri'ar raba gardama kan gyaran kundin tsarin mulki. Wata ƙungiya ƙarƙashin jagorancin Richard Koller ta yi hakan, ta miƙa takardunta a watan Fabrairun 2023, tana neman a rubuta cewa dole gwamnati ta tabbatar da wadatar takardu da sulalla a kowane lokaci, kuma ba za a maye gurbin faran da wani kuɗi ba sai da yardar jama'a da jihohi. Gwamnati ba ta yi watsi da manufar ba. Ta ce kalmomin ne ba su zauna daidai ba, ta rubuta nata daftarin mai ma'ana kusan ɗaya, majalisa ta mara masa baya.

Sai dai duk daftarin biyu magana suke yi a kan samar da kuɗin, ba a kan tilasta wa mai kanti ya karɓa ba. Kuma a nan gizo ke saƙar.

To idan kowa na son tsabar kuɗi, mene ne abin fargaba?

Tsada. Kai takardun kuɗi daga wuri zuwa wuri yana bukatar mota mai sulke, masu gadi, ƙirgawa, inshora, da cika injinan ATM. Wannan kashewa ba ta raguwa don masu cira sun ragu. Banki ya duba ya ga injin da ke wani ƙauye ba ya biyan kansa, sai ya cire shi. Mutanen ƙauyen su ga cirar kuɗi ta zama tafiya, sai su ƙara komawa ga kati. Mai shagon burodi ya ga kai cinikinsa banki ya ƙara wahala da caji, sai ya fara tunanin daina karɓa. Kowane mataki yana jawo na gaba. Babban bankin da gwamnati duk sun yi gargaɗi a kan wannan zagaye.

Alamun suna nan a ƙasa. A farkon 2020 injinan ATM sun haura 7,000, tun daga lokacin ɗaruruwa sun ɓace. Ɓarayin da ke fasa su da nakiya cikin dare sun ƙara wa bankuna dalilin rufe waɗanda ke keɓe. Haɗewar bankin Credit Suisse cikin UBS a 2023 ta sa rassa da dama sun zama maimaici. Hukumar gidan waya, wadda doka ta ɗora wa nauyin bai wa kowa damar ajiya da cirar tsabar kuɗi, ta sanar a 2024 cewa za ta rage rassanta da kusan 170 zuwa 2028.

Duk da haka, ofishin gwamnati mai kula da tanadin gaggawa yana ba kowane gida shawarar ya ajiye ɗan kuɗi a hannu tare da ruwa da abinci, domin ranar da wuta ko intanet ta ɗauke, kati da waya ba su da amfani.

Wa ke biyan kuɗin wannan sauƙi?

Ɗan kasuwa ne da farko, sannan mai saye ta cikin farashi. Lokacin da bankuna suka fara maye gurbin tsohon katin Maestro da Debit Mastercard da Visa Debit, masu saye sun ji daɗi, domin sabbin katunan suna aiki a intanet. Ƙananan 'yan kasuwa kuwa suka koka cewa kamashon da ake cira musu ya tashi. Mai sa ido kan farashi na ƙasa, Stefan Meierhans, ya shiga tsakani, kuma a 2024 hukumar gasa ta cimma yarjejeniya da Mastercard cewa kason da bankin mai kati zai karɓa a cinikin ido da ido ba zai wuce 0.12 cikin 100 ba. TWINT ma ba ta tsira ba: ƙungiyar masu kantuna ta kai ƙararta gaban hukumar a 2025 kan yawan caji. Zamanta ƙirar gida bai sa ta zama mai araha ga mai shago ba.

Kuɗin haya, wuta da inshorar lafiya fa, yaya ake biya?

Wannan sauyin ba a cika maganarsa ba, alhali ya taɓa kowane gida. Shekara da shekaru, takardun biya masu launin ja da ruwan lemo ne ke zuwa ta akwatin wasiƙa. Ƙarshen wata mutum ya tattara su, ya ciro kuɗi, ya je gidan waya ya biya, a buga masa hatimi a wani ɗan littafi mai launin rawaya da ake adanawa a matsayin shaida. A ƙarshen Yunin 2020 aka shigo da takardar biya mai lambar QR, wadda ke da ɗan gicciyen tutar ƙasar a tsakiya, kuma bayan 30 ga Satumbar 2022 tsoffin suka daina aiki. Yanzu mutum ya haska lambar da wayarsa, komai ya cika da kansa. Wanda ya fi son layin gidan waya zai iya zuwa da ita can, sai dai kamfanoni da yawa suna ƙara masa ɗan caji. Akwai kuma eBill, inda takardar ba ta zuwa gida sam, kai tsaye take shiga manhajar banki.

A sayayyar intanet ma suna da wata ɗabi'a da ba ta mutu ba: a aiko da kaya tukuna, a biya daga baya idan takardar ta zo.

Taransifa tana shiga nan take?

Sai kwanan nan. Ranar 20 ga Agustan 2024 aka fara tsarin da kuɗi ke tashi daga asusu zuwa asusu cikin daƙiƙa 10, dare da rana, har ranakun hutu. An fara da wajabta wa manyan bankuna kusan 60 su iya karɓa, sauran an ba su zuwa ƙarshen 2026. Kafin nan, taransifar yammacin Juma'a tana iya kwana har Litinin. Mai asusun banki a Kano ko Kaduna ya riga mazaunin Zurik sanin alat na nan take da shekaru masu yawa.

Bitcoin da faran na dijital fa?

Sun fi yawa a labarai fiye da a kanti. Garin Zug ya fara karɓar Bitcoin don wasu ƙananan kuɗaɗen ofis a 2016, birnin Lugano ma yana karɓa har da haraji. Babban bankin yana gwajin faran na dijital tun Disambar 2023, amma tsakanin bankuna kawai. Ya sha faɗa cewa bai ga bukatar fito da shi don jama'a ba. A maimakon haka, a 2024 ya sanar da fara aikin zana sabon jerin takardun kuɗi da za su fito a farkon shekarun 2030.

Ya yi kama da abin da aka gani a Najeriya lokacin canjin kuɗi?

Sakamakon ya ɗan yi kama, hanyar ce ta sha bamban. A farkon 2023 ƙarancin naira ne ya tura mai shayi da mai kayan miya ga taransifa da POS, ba zaɓinsu ba. A Suwizalan ba a taɓa janye kuɗi daga hannun mutane ba, ba a ƙayyade abin da za su cira ba. Injin na nan, kuɗi na ciki, su ne suka rage zuwa.

Wanda zai je taro Janiba ko yawon buɗe ido, me ya kamata ya riƙe?

Katin Visa ko Mastercard da ke aiki a ƙasashen waje zai biya kusan komai: otal, jirgin ƙasa, kanti, gidan abinci. Kada ya sa rai da TWINT, domin an gina ta ne don masu lambar waya da asusun ƙasar. Saboda haka a ɗan shagon gona ko rumfar kasuwa inda babu na'urar kati, tsabar kuɗi ce mafitarsa, kuma ƙananan takardu na 10, 20 da 50 sun fi amfani.

Suwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai, kuɗinta faran ne. Wurare da yawa suna karɓar yuro, amma a farashin da suka ga dama, canji kuma da faran za a ba shi. Idan na'urar kati ta tambaya ko a cire da faran ko da wani kuɗi, zaɓar faran yakan fi sauƙi. Wanda ya taɓa zuwa da daɗewa kuma yana da ragowar tsoffin takardu, ya sani an janye jerin da ya gabata tun 30 ga Afrilun 2021, kanti ba zai karɓa ba, sai ya kai su ofishin babban banki a Bern ko Zurik, ko wakilansa a wasu bankunan jihohi. A kan iyaka babu dokar da ta hana shiga da kuɗi ko nawa ne, amma daga faran 10,000 zuwa sama jami'an kwastan za su iya tambayar ko na wane ne, daga ina suka fito, da abin da za a yi da su.